Koren Katin Kawu

Na Allah ne mu, kuma can za mu koma, da wanda muke so da wanda muke jin haushinsa. Kawuna, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu ranar Talata da hantsi a asibitin birni. Kafin la'asar an kawo shi gida, aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa kusa da iyayensa, a ƙauyenmu da ke bayan Bici.

Ban taɓa ganin motoci irin na ranar ba. Tun daga bakin kwalta suka jeru har ƙofar gida. Direbobin da suka rasa wuri suka hau gonar maƙwabcinmu suka take masa gyaɗa, shi kuma don nauyin gidan rasuwa ya haɗiye maganarsa. Malaman jami'a sun zo da manyan riguna. Ɗalibansa sun zo, maza da mata, idanu jawur. Wata daga cikinsu ta faɗo jikina tana kuka, ba ta ma san ko ni wace ce ba, tana cewa, "Anti, Furof ubanmu ne. Wallahi babu mai lissafi irinsa." Na ce mata Allah ya ba mu haƙuri, na zare hannunta daga wuyana.

Matan ƙauye kuwa Mai Kati suke ce masa. Tun daga yankin Shanono wasu suka tako a ƙasa, kowace da goyo ko da yaro a hannu, su durƙusa gaban Inna su ce, "Wannan da jan katinsa aka haife shi." Tsofaffin da ke zaure su ma sun yi nasu yabon, irin na mutanenmu, mai ɗan yaji a ƙarshe. An ce min wani ya ce marigayi mutumin kirki ne, ba ya cin na kowa, sai dai kuma ba a cin nasa. Aka sunkuyar da kai ana murmushi.

Da aka dawo daga maƙabarta liman ya aiko cikin gida, kamar yadda aka saba, cewa duk wadda mamaci ya taɓa ɓata wa rai ta dubi Allah ta yafe masa. Tsakar gida ta ɗauka baki ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Ni ina zaune kusa da madafa, ban buɗe baki ba. Na ɗauka babu wanda ya lura. Ashe Inna, da idanunta suka kumbura har ba ta gane masu gaisuwa, ta gan ni sarai. Da mutane suka ragu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke. Kafin addu'ar bakwai ina so in ji daga bakinki." Shekara takwas ke nan ban gaishe da Kawu ba. Inna ta san dalili, duk dangi sun sani. Ƙanwata ce dalili.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don a tuna da shi yadda yake. Masu yabo sun yi nasu, za su kuma ci gaba. Ni zan faɗi nawa, mai daɗin da marar daɗin. Wanda ya ga na yi wa mamaci rashin kunya, ya sa ni a addu'a.

Farfesan lissafi ne. Mu dai tun muna yara abin da muka sani shi ne, mutum ne da ba a yi masa magana sakaka. In ka ce masa an yi ruwa sosai bana, sai ya ce, "Sau nawa?" In ka ce zazzaɓi ya yi yawa a gari, ya ce, "Gida nawa ka shiga?" Maganarsa ta kullum ita ce, "Kin gani, ko an ce miki?" Ko gaisuwa yakan amsa ta ne kamar yana duba ko akwai kuskure a ciki. Duk damina sai ya zo gida, ya tuɓe takalmi ya naɗe wando, ya shiga gonar gado yana ƙirga zangarniyar gero jeri jeri, ya rubuta a ɗan littafin da ba ya rabuwa da aljihunsa. Manoma su tsaya su dogara fartanya suna kallonsa. Babanmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce da surukin nan nasa zai yi noma rabin yadda yake ƙirga, da rumbu ya fashe.

Abin da ya tsana a duniya shi ne alfarma. Mai gari ya taɓa ɗaukar ɗansa ya kai masa har ofis, da zabi biyu a kwando, a sama wa ɗan gurbi a jami'a. Kawu ya duba sakamakon, ya ce bai kai ba, ya sa aka mayar da zabin cikin motar da ta kawo su. Ɗansa na cikinsa ma da ya faɗi jarrabawa sai da ya zauna shekara guda a gida, uban yana wucewa ta gabansa kullum da jaka. A bainar jama'a mutanen gari alfahari suke da shi, a cikin ɗaki kuma su ce bokonsa bai tsinana wa kowa komai ba.

Ni kam ya tsinana min, ba zan ɓoye ba. Shi ya koya min raba lamba da ƙwallayen goruba a ƙofar ɗakin kakarmu, da haƙurin da ban taɓa ganin ya yi da wani ba. Ranar jarrabawar shiga makarantar koyon aikin lafiya shi ya goya ni a babur tun daga gida, ya zauna a gindin darbejiya daga safe har azahar yana jira. Da na fito bai tambaye ni ko na gaji ba. Cewa ya yi, "Tambaya ta huɗu, me kika samu?" Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya miƙo min raken da ya riga ya fere. Wannan raken shi ne duk yabon da na taɓa samu a wurinsa, kuma ya ishe ni shekaru. Da na fara aiki a ƙaramin asibitin ƙauye, Likita yake ce min don tsokana.

Sai shekarun wahala suka zo. Taki ya fi ƙarfin manomi, mai ya fi ƙarfin mai babur, hanyar Shanono ta zama in la'asar ta yi ba mai bin ta. A asibitinmu akwai ranar da ko safar hannu babu. Masu ciki suka riƙa mutuwa a amalanke, tsakanin gida da kwalta. A lokacin ne Kawu ya juyar da lissafinsa kan lafiya. Ya bi ƙananan asibitoci ya kwashe tsofaffin rajistocin awon ciki, waɗanda gara ta fara ci, ya zuba su a kwamfuta. Shi da kansa ya yi min bayani: "Na nuna mata matan da suka haihu lafiya da waɗanda suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, har ta koyi gane kamanninsu. Yanzu in na ba ta bayanin mace tun cikinta yana ƙarami, za ta faɗa min wadda ke bakin rami."

Wadda kwamfuta ta ce tana cikin haɗari, a ba ta jan kati. Mai jan kati tana da gado a wani gida kusa da babban asibiti, ta je ta zauna watan ƙarshe, naƙuda ta same ta likita yana kusa. Sauran a ba su kore, su ci gaba da awo daga gida. Katunan daga ofishinsa suke zuwa, kowane da sunan mai shi a buge, ni da ire-irena mu raba. Abin mamaki, mazajen da ko kuka za ka yi ba za su bar matansu su kwana a waje ba, suna ganin jan kati sai su ɗauko babur. Kati ya zama kamar hukuncin alƙali. Na yi ta yawo da su ina taƙama, ina cewa kawuna ne ya yi.

Ga inda abin ya lalace. Bayanin da ake ba kwamfutar, ɗalibansa ne ke bi gida gida suna tambaya, kuma yawancinsu samari ne 'yan birni. A shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, mace ta zauna nesa ta ja mayafi, su riƙa jero mata tambayoyi. Wannan ciki na nawa ne? Kin taɓa ɓari? Kin taɓa jijjiga?

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abu biyu. Mace ba ta maganar ɗan farinta, balle a gaban baƙon namiji, balle in ɗan bai rayu ba. Ni 'yar fari ce, kuma har yau da furfura a kaina ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Na biyu, jijjiga, ciwon nan da ke kayar da mai ciki tana karkarwa tana kumfa, ba a kiran sunanta kusa da mai ciki, wai kada ta ji ta dawo. Kawu ya san duk wannan, a ɗakin da ake irin wannan kunyar aka yanke masa cibiya. Amma ya daɗe cikin littattafai har ya manta cewa zangarniya ba ta jin nauyin mai ƙirga ta, mace kuwa tana ji.

Ƙanwata, autarmu, tana aure a wani ƙauye ta yankin Shanono. Cikinta na fari a gidanmu ta zo haihuwa, jijjiga ta kama ta, ni na danne ta da hannuna, ɗan ya zo babu rai. A gida aka yi komai, don haka babu rajistar da ta san da zancen. Da ta sake samun ciki ɗaliban suka je, aka tambaye ta, ta girgiza kai, ɗalibin ya danna babu. Awon hawan jininta a ranar daidai yake, don cikin bai tsufa ba. Da katunan yankin suka iso, wata abokiyar aikina ta kira ni a waya ta ce, "Na ga sunan ƙanwarki. Kore ne."

Na hau babur na je. Ƙafafunta sun fara kumbura, zoben hannunta ya nutse a cikin yatsa. Na sami mijinta a zaure na ce ya ba ni ita ta zauna a wurina. Ya cire hula, ya ciro katin daga ciki.

"Yaya, ai kawunku ne ya ce lafiyarta lau. Girbi ya zo, ga gayya zan kira, wa zai dafa wa mutane? Ba ƙi nake ba. Ki kawo min ja, wallahi gobe da kaina zan kai ta."

Ba mugun mutum ba ne. Da babu kati sam, da na tsorata shi ya ba ni ita. Koren katin ne ya ba shi abin riƙewa.

Washegari na shiga motar birni. Ofishin Kawu cike yake da takardu har kan kujeru, sai da na kwashe wasu na zauna. Na faɗa masa komai. Ya saurara har ƙarshe, ya rubuta a littafinsa, sannan ya ce, "Kin gani da idonki?"

"Ni na riƙe ta, Kawu."

"To na yarda. Bayanin da aka ba na'ura ba daidai ba ne. Ga fom na gyara, ki cike. In an tantance zai shiga zagaye na gaba."

"Yaushe ne zagaye na gaba?"

"Wata uku."

"Wata biyu ya rage mata."

Ya juyo min da fuskar kwamfutar, ga sunayen mata a jere. Ya ce, "Gadajen duk da masu su. Nuna min wadda zan tayar."

Na ce ni ba gado nake nema ba. Ɗakina yana nan, asibiti yana kusa da ni, jan katin kawai nake so don mijinta ya sake ta. Injin buga katin yana kan teburin da ke bayansa, ina ganinsa.

"Likita," in ji shi, "in na buga ja da hannuna yau saboda 'yar ƙanwata ce, gobe mai gari zai zo, jibi ɗan majalisa. Daga nan kati ya zama takardar alfarma, kuma matar talaka ce za ta mutu. Abin da ya sa ake jin maganar katin nan, an san ba shi da dangi."

"Amma ka san ƙarya katin ya yi."

"Na sani. Akwai hanyar gyarawa, ita za a bi."

Ni da ban taɓa roƙonsa ko allura ba, na sa gwiwoyina a ƙasa na kama ƙafarsa. Ya janye ƙafar a hankali, ya yago takarda, ya rubuta wa mijin wasiƙa cewa yana ba da shawara a bar ta ta zo wurina. Na ce to ya taso mu je tare, tafiyar awa ɗaya da rabi ce, mijin ba zai iya haɗa ido da shi ya ce a'a ba. Ya duba kalanda. Jibi zai tashi zuwa ƙasar waje, an gayyace shi taro ya yi bayanin katin, bai gama shirya takardunsa ba. Ya ce in ya dawo.

Na kai wasiƙar. Mijin ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Wannan ai fara ce, Yaya." Ya ce a bari a gama girbin gero. Kawu ya dawo daga tafiyarsa, kwana goma suka wuce, bai leƙo ba.

Ranar gayya da hantsi, tana tuƙa tuwon 'yan gona, ta faɗi a bakin murhu. Babur ɗin gidan babu mai. Aka ɗora ta a amalanke zuwa kwalta, daga can aka sami a-daidaita-sahu. Ba su kai Bici ba ta cika. A bakin asibiti na tarye su, na ɗaga zanin da aka rufe ta da shi, akwai garin tuwo a hannunta. Ita da abin da ke cikinta rami ɗaya aka sa su.

Ranar sadakar uku Kawu ya zo. Ya yi wa Inna gaisuwa, ya yi kuka, na ga hawayen, ba zan ce bai yi ba. Sannan ya same ni a madafa ina kwashe dambu, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi ƙasa da murya. Na ɗauka haƙuri zai ba ni. Sai na ga ya ciro littafin nan.

"Ƙarfe nawa ta fara? Akwai wanda ya auna jininta a satin?"

Na dube shi, na dubi biron. Na ce, "Kawu, Allah ya isa tsakanina da kai." Matan da ke wurin suka ɗauki salati. Wata gwaggonmu ta toshe min baki da tafin hannunta, na ture hannun na maimaita. Daga ranar ban ƙara gaishe shi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ya biyo baya. Cikin wata biyu ya gyara komai. Ya janye samarin, ya sa ungozomomi da ma'aikata mata su riƙa shiga har ƙuryar ɗaki, su tambayi mace ita kaɗai, su kuma tambayi uwarta a gefe. Sannan ya aika wa kowane ƙaramin asibiti jajayen katuna marasa suna, ya ce in ma'aikaciya ta ga abin da na'ura ba ta gani ba, ta rubuta da hannunta ta bayar. Abin da na durƙusa na roƙa ke nan. Ranar da nawa suka iso na zuba musu ido a kan tebur, na kasa taɓa su. Ya kuma rubuta doguwar takarda a kan kuskuren, masana na ƙasashen waje suka yaba masa da faɗin gaskiya. Na karanta. Ƙanwata tana ciki, layi biyu, an kira ta wata mata mai ciki na biyu.

Kuma abin yana aiki, wannan ma dole in faɗa. Har gobe da shi nake aiki. Matan da suka tako daga Shanono ba ƙarya suke ba, wasunsu ni na miƙa musu katin. Na sha ganin kwamfutar ta ba mace ja ina ganin lafiyarta lau, daga baya ya tabbata ita ke da gaskiya. Sai dai duk wadda ta rayu, in na dube ta, nakan tuna da ran wa aka koyi darasin.

Duk Salla yana zuwa ya zauna a ɗakin Inna. Yana shiga ina fita. Sau ɗaya muka yi kiciɓis a zaure, babu wurin kaucewa, ya ce, "Likita, har yanzu?" Na ce, "Har yanzu." Ya ce, "Bayanan ne suka zo da kuskure." Shekara takwas, ko sau ɗaya bai ɗora wa kansa laifin ba. Bayanai ne, tsari ne, zagaye ne, shi yana gefe da biro.

Bara ƙodarsa ta gaza. Injinan wankin ƙoda kaɗan ne, masu jira da yawa, layi ake bi. Likitocin da ya yi aiki da su suka zo har gida suna roƙonsa ya bari a sa shi gaba. Ya tambaye su mutum nawa ne a gabansa, suka faɗa, ya ce to shi ne na bayansu. Matarsa ta kira ni tana kuka. "Ke kaɗai yake jin nauyi duk duniya. Ki zo ki ce masa ya karɓa, wallahi zai karɓa." Na ce mata ina da masu awo. Ta sake kira sau biyu. Ban je ba.

In faɗi gaskiya, so nake ya karɓa da kansa. Na yi ta jira in ji an ce Farfesa ya tsallake layi, in samu in tsaya a tsakar gida in ce kun gani, ashe ƙa'idar ta 'ya'yan mutane ce. Ko wannan ya hana ni. Ya bi layinsa, wankin da yake samu bai isa ba, jiki ya yi ta kumbura har Talatar nan. Ya mutu da taurin kansa cif, ya bar ni da haushin da ba ni da inda zan ajiye shi.

Ranar bakwai da safe, mata sun fara haɗa wuta don wainar sadaka, Inna ta aiko a kira ni. Tana zaune a bakin gado da carbi. Ta ce in tura ƙofa.

"Na ba ki kwana bakwai."

"Inna, ki yi haƙuri. Na gwada, abin ba ya fita."

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Ranar da 'yan makarantar nan suka je gidanta, ina can. Na kai mata daddawa da kuka. Ina zaune a bayanta. Da mai tambayar ya kira sunan ciwon nan ta buɗe baki za ta yi magana. Ni na matse mata ƙafa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

"Tsoro na ji," in ji Inna. "Ga ciki a gabanta, ga namiji yana kiran abin da sunansa. Na ce kada ya ji ya dawo. Da ta faɗa, da ja za a ba ta, ko ba haka ba? Ke ce ma'aikaciya, faɗa min."

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Na gaya wa kawunki tun ranar ukunta, bayan kin yi masa Allah ya isa. Na ce zan gaya miki, ya hana ni. Ya ce gara ki rasa kawu da ki rasa uwa."

Ashe har wannan ma lissafi ya yi. Ya zauna shi kaɗai ya auna wanda zan iya rasawa, ya fitar da amsa, bai tambaye ni ba. Shekara takwas yana kallona ina fita daga ɗaki, yana riƙe da amsarsa. Wani sabon haushi ya taso min, ya haɗu da tausayin da ban gayyata ba.

Na ce, "Inna, ke don ki tsare ta kika yi."

"Shi ma don ya tsare 'ya'yan wasu ya yi."

"Ke ba ki sani ba. Shi ya sani. Na faɗa masa da bakina, na kama ƙafarsa."

"Ban ce yana da gaskiya ba. Ni fa na haife ta, kina ganin ban taɓa jin haushinsa ba? Amma mu biyu muka yi. Ɗaya yana ƙasa, ɗaya ga ta a gabanki, kuma ba daɗewa zan yi ba. In za ki riƙe, ki riƙe mu tare. Ba zan karɓi yafiyar da aka hana ɗan'uwana ba."

Ta kamo hannuna. A waje ana kira a kawo man gyaɗa, wata tana tambayar inda aka ajiye tanda.

Na ce, "Na yafe miki, Inna." Wannan ko numfashi ɗaya bai ɗauke ni ba.

"Shi fa?"

Sai da ta maimaita tambayar.

"Na yafe masa."

Ta ce alhamdu lillahi, ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe ta fita tana faɗa wa gwaggonni. Ina jin su suna sa min albarka.

Ni na zauna a ɗakin. Allah ya sani, ni ma na sani, baki ne ya faɗa, zuciya ba ta bi ba. Abin da nake roƙo a kowace salla shi ne Allah ya karɓi ta bakin ya rubuta wa Kawu, ya jiƙansa, ya sassauta masa kwanciya. Kada ya jira ta zuciyata, don ban san ranar da za ta zo ba.